Ƙuri'ar 'Yar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Yamai, ni da wani abokina, cikin motar haya da buhunan siminti suka fi fasinja samun wurin zama. Filinge muka nufa, in gaida kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati.

A Baleyara muka tarar ranar kasuwa ce. Shanu sun tare hanya, direba na ta faɗa, ba saniyar da ta kula shi. Muka sauka muka ci kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa. Mai sayarwar ta yi mini Zabarmanci, na mayar mata da Hausa, muka rabu kowa na dariya. Duk rumfar da ka tsaya, kukan tsadar gero ake. Daga nan hanya ta miƙe tsakanin gawo da goriba, jajayen duwatsu na rakiyarmu daga gefe.

Na tarar da Kawu a zaure, rediyo manne da kunne. Na zaci labarin ƙasarmu yake bi. Ashe zaɓen shugaban ƙasa za a yi a ƙasar Turai inda 'yarsa take aikin jinya. Ta zama 'yar ƙasa a can, kuma wannan ne karon farko da za ta jefa ƙuri'a.

Abin da ya ba ni mamaki, Kawu yana bayan ɗan takarar masu ra'ayin mazan jiya. Na tambaye shi dalili.

"Ɗana, cikin biro na tsufa, ina aikin ofis," in ji shi. "Na ga ƙauye ya jira sa hannun manya kan rijiya guda har rani ya ƙare. Mutumen nan cewa ya yi a rage ma'aikatu, a bar kowane gari ya yanke abin da ya shafe shi, kuma kada a rushe abin da aka gada don kawai ya tsufa. Ina laihi nan?"

Matarsa, da muke ce wa Inna, ta ajiye mana fura. "Malam, hwaɗa mishi sauran."

Sauran shi ne, ɗan takarar ya yi alkawarin tsaurara shigowar baƙi, har da mazan da ke son bin matansu. Mijin 'yar Kawu kuwa malamin makaranta ne a Damana, ya daɗe yana jiran izinin tafiya.

Washegari surukin ya zo gaisuwa a kan babur. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa. Yana nan durƙushe wayar Kawu ta yi ƙara, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Baba, gobe ne," in ji 'yar. "Wa zan zaɓa?"

Kawu ya daɗe yana duban surukinsa, wanda bai ɗaga kai ba.

"Abin da na gani daidai kin san shi, ban sake ba," ya ce. "Amma ni ba ni da miji a Damana. Ƙuri'arki ce."

Inna ta koma ciki tana share ido da gefen zane.

Mun juyo kafin a faɗi sakamako. Ina isa gida na ji ɗan takarar Kawu ne ya lashe. Na kira Kawu, na rasa ko barka zan yi ko jaje.

"Ra'ayina ya ci, gidana ya faɗi," ya ce.

Na ce, ita wa ta zaɓa?

"Ban tambaye ta ba. Ba kuma zan tambaya ba."

Da can na ɗauka duk mai irin ra'ayin Kawu son kansa yake karewa, kuma zaɓen Turai na Turawa ne. A Filinge na ga dattijon da ya tsaya kan abin da ya yarda da shi ko da zai taɓa gidansa, kuma bai ɗora wa 'yarsa nauyinsa ba. Surukin yana nan Damana yana koyarwa, yana jira.