Ranar da Muka Yi Gudu da Bokiti a Kebbe

A Tambuwal babba ba ya gudu. In ka ga mai gemu ya sheƙa, to ko dai an biyo shi, ko shi ya biyo wani. Shi ya sa da likita ya ce jinina ya hau, kuma maganinsa har da gudu, na ce masa, "Likita, ka dai ƙara ƙwayar." Bai ƙara ba.

Haka na tsinci kaina cikin 'yan gudun Asabar. Duk ma'aikata ne irina, kowa da tumbinsa, sai shugabanmu, wani tsohon malamin motsa jiki da bai san inda kunya take kwana ba. Da farko mun sha bakin mutane. 'Yan kabu-kabu su tsaya su ce, "Alhaji, hau in kai ka, ko kyauta ne." Mata su leƙo su koma suna salati. Sai malamin ya kawo dabara: tunda a garinmu ba a gudu sai da dalili, to mu nemo dalili. Daga ranar, duk inda gudunmu ya ƙare akwai aiki, ko cire ciyawa a maƙabarta, ko yashe kwata, ko abin da wata ƙungiyar taimakon gajiyayyu ta roƙe mu. Masu yi mana dariya suka koma sa albarka. Gudun dai shi ne, amma yanzu sunansa aikin gayya.

Cikin rani ƙungiyar ta ce akwai wata tsohuwa a Kebbe da ɗakinta ya tsage, ana so a yaɓe kafin ruwa ya sauka. Gabana ya faɗi, don Kebbe garin surukina ne. Tun da dattijon nan ya ba ni ɗiyarsa ban taɓa tsayawa tsaye a gabansa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha ba yana kallo. Shi kuwa duk inda ya zauna faɗi yake ya ba da ɗiyarsa ga mutum mai natsuwa. Natsuwar nan ita kaɗai gare ni a wurinsa, tunda ba ni da gona, ba ni da shanu.

Matata ta ɗaga wandon gudun da yatsa biyu ta ce, "Wallahi in Baba ya gan ka cikin wanga, kai da shi ne. Ni ba ruwana." Na ce unguwar tsohuwar nesa take da gidansu, mu shiga da safe mu fito, wa zai gan ni?

Mota ta sauke mu bayan ta gama jijjiga mana hanji. Mun tarar an tara ƙasa, amma ba ruwan kwaɓi, rijiyar kuma tana can ɗaya gefen garin. Malamin ya ce, "Madalla, ga gudunmu na yau." Ya miƙa wa kowa bokiti. Na roƙe shi mu zagaya ta bayan gari. Ya hura usur.

Abin da muka manta shi ne, rani ne, zana da rumbu duk sun bushe ƙamas. A irin wannan lokaci, in mutanen Kebbe suka ga manya suna gudu da bokitan ruwa, fassara ɗaya gare su. Muna dawowa daga rijiya wata mata ta kwarma ihu, "Gobara!" Shi ke nan. Mai shayi ya bar teburinsa ya biyo mu da jarka. Masu tulu, masu masaki, har Fulani masu tallan nono, kowa ya ɗebo abin da ya samu. Ana ta tambaya, "Ina ne? Gidan wa?" Malamin ya waiwayo, idonsa yana ƙyalli, ya ce mana ƙasa-ƙasa, "Kowa ya kama bakinsa. Ruwa ne ya zo mana kyauta." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har da nuna musu hanya da hannu.

Muka isa da rabin gari a bayanmu. Ba wuta, ba hayaƙi, sai tsohuwa zaune a kan tabarma tana cin goro. Daga nan aka fara zagi, zagin ya koma dariya, kowa ya matso ya juye ruwansa cikin ƙasar kwaɓi, don ba wanda zai koma gida da shi.

Ina cikin dariya na juya. Ga surukina. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, kansa ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, hannunsa riƙe da butar alwala. Na zube nan take, tsakiyar laka, na ce, "Baba, ina kwana." Haki kawai yake. Sai na ga ya yi tangaɗi, ya miƙo hannu ya ce, "Malam, tashi ka riƙe ni."

Na tashi. Ya dafa kafaɗata, na tallabe shi, ina jin bugun zuciyarsa a hannuna. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ashe haka ya tsufa ban sani ba. Tausayi ya kama ni, har na manta da abin da ke jikina. Shi bai manta ba. Ya dubi wandon, ya dubi gwiwoyina da suka sha laka, ya daɗe yana duba. Na ce a raina tawa ta ƙare.

Sai ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Kada ɗiyata ta ji na yi gudu. Ta hana ni ko hawan keke."

Na ce, "Baba, ni ban ga kowa ba."

Wani abokinsa dattijo ya ƙaraso yana dogara sanda, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wai wane ne wanga mai guntun wando da ya tada mana gari?"

Surukina ya ƙara danna hannunsa a kafaɗata, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ɗana ne. Ku ba mu hanya."