Haƙorin Iya Saude

A wani ƙauye da ke bakin hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce shinkafa ta bushe, sai a tambaye ka ko Iya Saude ce ta faɗa.

Matan garin turara shinkafa suke yi. A jiƙa ta, a turara, a baza a rana, sannan a kai inji. To, wurin shanyar nan ake yin ta. In da sauran danshi inji ya dame ta, in ta wuce bushewa ya mayar da ita tsaki. Ita kuwa Iya ƙwaya ɗaya take ɗauka ta ɗora a kan haƙorinta na can ciki, ɓangaren hagu. In ta ji ƙas, ta ce a kwashe. In ba ta ji ba, ta ce a bari sai la'asar. Ba ta da ɗa, miji ya daɗe da rasuwa, haƙorin nan ne ke ci da ita. Duk gidan da ta duba wa shanya, da kwanonta cike take fitowa.

Ranin shekarar 2006 haƙorin ya fita cikin lomar tuwo. Shi ne na ƙarshe mai ƙarfi. Ta ƙulle shi a bakin zane, ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma ɗora ƙwayar a dasashi, tana satar kallon rana, tana cinka.

Sau biyu ta dace. Na uku a gidan maƙwabciyarta Aziza ne, buhu huɗu, duk suka dawo tsaki.

Aziza ba ta yi faɗa ba. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta, ta zuba tsakin a gabanta.

"Iya, ke kika ce in bari sai la'asar."

Iya ta kwance bakin zane ta nuna mata.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Har yau ana aiko mata da tuwo, amma ba mai aikowa a kira ta. Takan zauna a ƙofar gida tana jin mata suna juya shanya da ƙafa, kowa na taunawa, suna musu. Wani lokacin takan buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta gyara mayafi.