Hayaƙin Zaiba a Ɗakin Baba

Kowa a unguwarmu ya ce aljannu ne suka taɓa Baba. Ba aljannu ba ne, zaiba ce, kuma na gaji da yin shiru.

Har yau in na ji ƙaurin gawayi, ɗakin aikinsa nake gani a gidanmu na Makka. Yakan kwaɓa zinariya kaɗan da zaiba, ya shafa wa zobban azurfa, ya ɗora a kasko kan wuta. Zaibar ta bi iska, zinariyar ta zauna. In Hajji ya matso yini yake a kan kaskon, don alhazai na son tsaraba mai ƙyalli.

Ina ƙarama na ga ɗigon zaiba ɗaya yana gudu a kan tabarma, na kama na haɗiye. Ummi ta yi ta kururuwa. Washegari ya fita yadda ya shiga, ko ciwon ciki ban yi ba. Shi ke nan na zama hujja. Duk wanda ya ce Baba ya yi hattara, sai Kaka ta nuna ni: "Wannan ja'irar ma ta haɗiye ta, ga ta nan garau tana ƙin aike."

Sai hannunsa ya fara rawa. Shayi ya zube daga finjali kafin ya kai baki. Dasashinsa ya kumbura, haƙora suka fara girgiɗi. Mutumin da ke tsokanar duk mai wucewa ya koma ɓuya in an yi sallama. Kaka ta ce iskokai ne, ta toshe tagar ɗakin da tsummoki don kada turaren magani ya tsere. Shi kuwa yana ciki yana hura wuta.

"Inna, kaina zai tsage," in ji shi.

"Fita suke yi, ɗana. Daure."

Ya rasu ko carbi ba ya iya riƙewa.

Sai da na je sakandare a Sudan malamarmu ta faɗa mana: zaibar da aka haɗiye yawanci wucewa take yi. Hayaƙinta ne, marar launi marar wari, ke bi ta huhu ya hau ƙwaƙwalwa. Na tashi na fice daga ajin.

Na dawo na tarar da ƙanena a kan kaskon, tagar tana nan a toshe. Jiya na ga finjali yana kaɗawa a hannunsa. Gobe zan zare tsummokin nan, in fasa kaskon a ƙofar gida. Kaka ta yi fushinta, amma ba za ta ƙara nuna ni ba.