Rigar Fiffiken da Na Ara

Na dawo Tudun Wada bayan shekara uku ina karatu a Turai, da takardar shaida a jaka da wani bidiyo a waya. Takardar ba ta dami kowa ba. Bidiyon ne ya zagaya unguwa.

A cikinsa ana ganin mutum sanye da jar riga mai fiffike, irin wadda ake ɗinka yadi tsakanin hannuwa da jiki, a kuma haɗe ƙafafu biyu da wani yadin. Ya faɗo daga ƙofar ƙaramin jirgi, ya ware hannu, iska ta cika rigar ta yi tauri, sai ya miƙe yana keta sama kamar shirwa, gonaki na wucewa a ƙarƙashinsa. Hular kwano ta rufe masa fuska ruf. Abokina ne da muka zauna ɗaki ɗaya a can. Ranar da na fara nuna bidiyon a majalisarmu, wani ya ce, "Kai ne wannan?" Na yi murmushi kawai. Da aka sake tambaya, na ce, "To wa kuke zato?"

Gaskiyar ita ce na yi dira da laima daga jirgi, wannan babu ƙarya a ciki. Abokin nan ne ya ja ni filin da suke yi a ƙarshen mako, na koya, na yi dira sau sittin da wani abu. Amma ba a barin mutum ya sa rigar fiffike sai ya ninka haka sau uku, kuma ko ya kai, da ƙarama ake fara shi, mai ɗan guntun yadi a hammata, wadda ba ta ɗaure hannu sosai. Ni kuwa lokacin komawata gida ya matso. Sai na tafi wani fili da ba a san ni ba, na ƙara wa kaina lissafin dirar da ban yi ba. Malamin wurin ya miƙo mini ƙaramar riga baƙa. Na dube ta, na ga kamar kayan yara. Na ce masa na riga na saba, ina da tawa. Tawan nan jar rigar abokina ce, wadda na ce masa zan ɗauki hoto da ita a ƙasa kawai. Ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda.

Abin da ya faru a sama bai kai minti ɗaya ba. Na fita daga jirgin daidai, hannuwa a naɗe kamar yadda aka ce, don kada iska ta maka ni a wutsiyar jirgi. Da na ware su sai rigar ta karɓe iko. Yadin ƙafafu ya yi mini yawa, yana kaɗawa, kaina ya yi ƙasa. Na daure na ɗan daidaita, har na ji daɗin tafiya gaba na ɗan lokaci. Da lokacin buɗe laima ya yi, na kai hannun dama baya don in jawo ta, na manta na hagu a ware. Fiffike ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Na shiga juyawa kamar katantanwa, laimar ta fito igiyoyinta a murɗe, hannuwana kuma a ɗaure cikin riga, ban zuge zif ba balle in kai ga igiyoyin. Na yanke babbar laimar, na buɗe ta ko-ta-kwana, na faɗa gonar wani mutum a kan gwiwa. Malamin bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi littafin da ake rubuta dira, ya duba, ya miƙo mini, ya ce kada in sake taka filinsu.

Ban faɗa wa kowa wannan a gida ba.

Majalisarmu benci biyu ne a gaban shagon wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kayan wutar lantarki, wanda ya fi yawancinmu daɗewa a layin. Bayan la'asar ake haɗuwa. Wata biyu ni ne mai magana. Na iya bayani, domin na saurari abokina shekara biyu: yadda ake juyawa da kafaɗa ba da hannu ba, yadda ake miƙe yatsun ƙafa, yadda ake sa haɓa a ƙirji idan ana son gudu. Idan ƙaramin jirgin masu koyon tuƙi ya wuce ta saman gari, sai a ɗaga kai, wani ya ce, "Daga irin wannan tsayin kake faɗowa?" In ce, "Wannan ai ƙasa-ƙasa yake."

Akwai wani dattijo da ke zuwa daga Tudun Jukun a kan keke, ba kullum ba. Aminin mahaifina ne tun kafin a haife ni, kuma shi ya tsaya a kan komai lokacin da mahaifin ya rasu. Tsohon soja ne, sojan laima, yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Baba muke ce masa. Ba mai yawan magana ba ne, yakan zauna a ƙarshen benci da rediyonsa a cinya.

Wata ranar Laraba ya ce in ba shi wayar. Ya sa tabarau, ya kalli bidiyon sau uku, yana matso da shi kusa da fuska. Sannan ya ce, "Ɗana, akwai abin da ban gane ba. Idan za ka buɗe laima, hannun dama zai koma baya. To na hagu fa? Ai gefe ɗaya zai rufe, ɗaya a buɗe. Iska ba za ta juya mutum ba?"

Na ɗauka ya gano ni, yana so ya tona ni a gaban mutane. Amsar tana bakina, mai sauƙi ce: hannu biyu ake mayarwa baya lokaci guda, a haɗe ƙafafu. Maimakon in faɗe ta, sai na ce, "Baba, wannan fa ba irin taku ba ce ta zamanin da, da ake jefo ku kamar buhunan masara, igiya ta buɗe muku laima kuna rufe da ido. Wannan sai da ilimi."

Aka yi dariya. Wani ya maimaita "buhunan masara", aka sake yin wata. Mai shagon bai yi ba, ya shige ciki yana gyara kwalaye. Baba ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Ya ɗan zauna kaɗan don kada a ce fushi ya yi, sannan ya ce zai leƙa wani mara lafiya a Gyallesu, ya hau kekensa.

Sati biyu bai zo ba. Labarin ya kai kunnen mahaifiyata ta bakin matar maƙwabcinmu. Ina karyawa da safe ta zo ta tsaya a kaina.

"Me ka ce wa aminin babanka?"

"Inna, wasa ne."

"Sa'anka ne?"

Na ci gaba da juya kokona da cokali.

"Ka ajiye kokon nan ka tafi. In ka dawo ka sha."

Na same shi a ƙofar gida yana ba tumakinsa dusa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar babu abin da ya faru, ya sa aka kawo tabarma. Na ba shi haƙuri a kan maganar. Ya ce ya wuce. Da na tsaya nan, da na tashi na tafi da sauran mutuncina. Amma na kasa tashi. Na ce, "Baba, ba ni ba ne a bidiyon nan. Na san ka gane."

Ya ɗago ya dube ni. "Ban gane ba," in ji shi. "Tambaya kawai na yi. Abin ya burge ni, ina so in san yadda ake yi."

Ya ce ya ba abokansa tsofaffin sojoji labarina a wurin karɓar fansho, ya ce musu ɗan amininsa yana tashi sama ba jirgi. Har ya yi musu alkawarin zai kawo ni su gani da idonsu. Ya faɗi haka ba da zafi ba, yana kakkaɓe dusa daga hannun rigarsa. Na sunkuyar da kai, na ba shi labarin duka, tun daga littafin dira har gonar da na faɗa.

Bai yi mini wa'azi ba. Tambayoyi ya shiga yi, irin na wanda ya san aikin. Rigar ta fi ni da nawa? Ina ne zif ɗin hannu yake? Da na fara juyawa, ina nake kallo, ƙasa ko laimar? Na yanke babbar kafin in buɗe ƙaramar, ko tare na ja? Na tashi tsaye a ƙofar gidansa ina nuna masa da hannu, tumaki na kallona. Da na zo kan tambayarsa ta majalisa, na mayar da hannuwana biyu baya, na haɗe ƙafafu. Ya gyaɗa kai. "Haka na yi zato," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Abokin naka ya san ka hau sama da rigarsa?"

"Ya sani daga baya. Bai sake yi mini magana ba."

"Yana da gaskiya. Da ka mutu, shi za a tambaya."

Na ce zan je in faɗa wa abokansa da bakina. Ya ce a'a, shi ya kai musu labarin, shi zai warware.

Washegari bayan la'asar na faɗi gaskiyar a majalisa. Na yi zaton za a yi mini ca, na ma shirya wa hakan. Sai wani ya ce, "Kai dai ba ka son yabo." Wani ya ce ai ko ba ni ba ne a wannan, na yi irinsa. Na ce ban yi ba, sau ɗaya na gwada, na kusa hallaka. Sai aka koma hirar ƙwallo. Mai shagon ne kaɗai ya kira ni gefe lokacin da ake watsewa, ya ce, "Ka je wurin Baba?" Na ce na je. Ya ce, "To shi ke nan," ya ci gaba da jawo ƙofar shagonsa.

Na goge bidiyon daga wayata, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. Har bara wani ɗan'uwanmu ya turo mini shi daga Kaduna, yana tambaya ko gaskiya ne ni ne. Na rubuta masa cewa ba ni ba ne. Na rubuta wa abokina ma doguwar wasiƙa, na ga alamar ya karanta, bai amsa ba.

Baba bai koma majalisar ba. Ya ce ƙafar ce ta matsa masa, keke ya fara yi masa wuya, kuma wataƙila haka ne. Ni nake zuwa Tudun Jukun duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kai masa goro, mu zauna a ƙofar gida. Yana yi mini hirar mahaifina, da farashin dusa, da ciwon ƙafarsa. Ban taɓa tambayarsa abin da ya faɗa wa tsofaffin sojojin nan ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba.