Garwashin Da Na Hana A Ɗiba

A ƙauyenmu da ke gefen Dogarawa, lokacin ina yaro, ashana sai gidan mai gari. In wutar mace ta mutu, kasko take ɗauka ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi. Ba a hanawa, ba a ma godiya. Murhun kakata, Inna Biba, bai taɓa mutuwa ba, don kullum tana binne gungume cikin toka. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, mu jikokinta mu kewaye murhun nan, mata suna shigowa da kasko suna fita.

Ni ne matsoracin cikinmu, kuma ta sani. Sai ta ce, "Angona raggo, matso kusa, kada ka jiƙa mani tabarma awa jiya." Kowa ya yi dariya. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata."

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda har yau nake jin tsikar jikina tana tashi in na tuna. Wai an yi wani gari da wani abu yake zagayawa da faɗuwar rana. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, sai dai a ji yana jan ƙafa, shi ya sa ake ce masa Mai Jan Ƙafa. Hayaƙi yake dubawa. Gidan da hayaƙi ke tashi ya wuce, gidan da murhu ya yi sanyi ya shiga, kuma da safe ba a samun kowa a ciki. In Inna ta zo nan sai ta goga tafin ƙafarta a ƙasa, sannu sannu, har sai na ƙanƙame zanenta.

A garin akwai wata mace, Dije, mai wuta mai kyau, amma ba ta ba kowa. Gani take duk garwashin da ya fita, albarkar gidanta ce ta ragu. Wata Bafulatana mai tallan nono ta taɓa fakar idonta ta tsinci ƙwaya ɗaya a sakaina, Dije ta bi ta har bakin rijiya tana kiranta ɓarauniya a gaban jama'a.

Rannan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shiga madafar Dije ya kashe wutar ƙurmus. Rana tana faɗuwa. Ta ɗauki kasko ta shiga gida na farko, aka ba ta, amma tana taka bakin ƙofarta garwashin ya zama gawayi. Gida na biyu haka, na uku haka. Inna ta ce, "Wuta ba ta shiga gidan da ba ta sani ba. Ɗiyar wutarki kaɗai ka komowa gare ki." Ga jan ƙafa yana matsowa ta bayan rumbuna. Sai Dije ta tuna ashe gari duka wuri ɗaya ne ɗiyar wutarta take, a bukkar matar nan da ta kira ɓarauniya. Ta ruga, ta tsaya a bakin bukkar da kasko a hannu.

Nan Inna take tsayawa. Mu yi ta roƙo, "Inna, ta yi sallama?" Sai ta tura gungume cikin toka ta ce, "Mi nis sani? Ni nan anka bar mani ita. Ku tashi ku tahi ku kwanta." Na kan tafi ina waiwaye, ina jin haushin tsohuwar nan.

Na girma, na yi aikin malamin lakwal, wato makarantar boko, daga baya na buɗe ɗan wurin buga littattafan Hausa a Konni. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa a bayan gidana, da kwamfuta ɗaya. Da can masu tebur a kasuwa su ne ke rarraba mini littattafai har Alela da Malbaza. Sannu a hankali suka daina zuwa. Kowa ya koma waya, wanda bai iya karatu ba ma yana saurare. 'Yata Hadiza ta yi ta fama da ni in sa littattafan a waya, in yi tallansu a zaurukan da mutane ke haɗuwa a ciki. Na ƙi. Tsoro nake ji. Abin da ya shiga waya ɗaya, kafin la'asar ya shiga dubu, to wa zai sayi takarda?

Babban aikina shi ne littafin tatsuniyoyin Inna. Bayan rasuwarta na yi shekaru ina zuwa wurin Gwaggo Mariyama, 'yarta ta ƙarshe, tana faɗa ina rubutawa, har da waƙoƙin ciki. Guda ashirin da uku muka tara kafin ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Na buga kwafi ɗaya tak na gwaji, na ba Malama Rakiya, mai koyar da matan aure karatu a Tsarnawa, ta duba mini kurakurai.

Wata rana ina cikin motar haya, sai na ji wayar wata mata tana cewa, "Ga wata ta taso daga nesa." Muryar Rakiya ce. Ashe kullum takan karanta guda ɗaya ta tura wa ɗalibanta, su kuma su tura gaba. Na sauka a Tsarnawa, na same ta a gaban ɗalibanta, na fizge takardun. Ta ce, "Malam, wallahi kowace sai na hwaɗi sunanka da na Inna. Mata na ta tambaya yaushe littahin za shi hita." Ban saurara ba. Na ce mata ɓarauniya, da bakina, mata suna ji.

Na dawo na haɗa kwafin, da littattafan da na yi rubutun hannu a ciki, da kwamfutar, na kulle a ɗakin nan ina jiran takarda ta yi sauƙi. Hadiza ta ce in bari ta ajiye wani kwafi a intanet ko don tsaro. Na ce ba abin da zai fita daga ɗakin nan.

Daminar ta yi ƙarfi a shekarar. Wata Laraba da azahar, bayan kwana biyu ana ruwa, muka ji rugugi a bayan gida. Bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi. Da hannu na dinga tonon laka. Takardun sun zama kunu, tawada ta narke. Mai gyara ya juya kwamfutar ya girgiza kai. Na zauna a kan ɓaraguzan, na ji irin sanyin da nake ji in Inna tana goga ƙafa a ƙasa. Ba wanda ya rage a duniya da zai sake faɗa mini tatsuniyoyin nan.

Kwana tara na yi kafin na iya hawa mota zuwa Tsarnawa. Na tsaya a ƙofar gidan Rakiya, har na juya sau biyu zan koma. A nan na gane dalilin da ya sa Inna take tsayawa a bakin bukka. Na yi sallama.

Ta fito, ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Da na faɗa mata, sai ta shiga ta ɗauko wayarta, ta nuna mini tatsuniyoyin da ta tura da muryarta. "Suna nan, Malam. Wanda ya ɓace gare ni ma, akwai shi ga mata." Muka zauna muna ƙirgawa. Goma sha bakwai.

"Sauran shida fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Nan na kai ranar da ka zo."

Littafin ya fita da goma sha bakwai. Yanzu duk abin da za mu buga, Rakiya ke fara karanta babin farko a waya, Hadiza ta karɓi saƙon masu so, direbobin tasha su kai musu. Har yau gabana yana faɗuwa duk ranar da muka saki wani abu, kuma akwai masu saurare su ƙi saye. Amma na daina ɗaukar mai ɗibar garwashi a matsayin maƙiyi.

Tatsuniyar Dije tana cikin shidan nan. Abin da na ba ku, abin da ya rage a kaina ne. Akwai waƙar da Dije take yi a bakin bukka, Inna tana rera ta da wata siririyar murya, Gwaggo ta maimaita mini har sau uku na rubuta. Na tambayi tsofaffin Dogarawa kaf, ba mai ita. Washegarin ranar da na fizge takardun ne Rakiya za ta karanta ta.