Minti Sha Ɗaya da Ba Ka Zana Ba

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, ina wanke burushi a situdiyo, ƙanenka ya kira ni ya ce ka cika bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kujerarka da jiƙaƙƙen hannu, na rasa wanda zan fara gaya wa, don duk an watse.

A-Sake muke kiranka, saboda da wuya mutum ya kawo maka zane ba ka ce a sake ba. Shekara goma sha uku muna tare, kai kana zana mutane da motsinsu, ni ina zana ɗakuna da titunan da suke tafiya a ciki. Tara daga ciki sun tafi ne a kan fim guda na katun, labarin yarinyar da ke neman mahaifinta direban jirgin ƙasa.

Da kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin ya janye, mu ashirin ne. Kai ka zauna ka rubuta wa kowa takardar shaida da hannunka, ka bi ofisoshin talla kana nema musu gurbi. Mai haɗa mana sauti ya ce ka taho ku tafi tare, ka ce wa za ka bar wa yarinyar fim ɗin a tashar jirgi.

Ba na manta shekarar da idona ya fara ciwo. Mako shida kana gyara launukan da na ɓata ba ka faɗa ba, sai daga baya na gane a kwamfuta. Da na yi maka magana, ka ce, "Ƙanwata, ke dai je ki ga likita."

Mun gaji, Yaya, gaskiya mun gaji. Hannunka ya soma rawa, daƙiƙa biyar ta fim tana cin maka mako guda. Wadda ta yi muryar yarinyar tana 'yar shekara sha biyu, jiya ta zo gaisuwa da goyo a bayanta. Saura minti sha ɗaya fim ɗin ya kammala, wurin da uba da 'ya za su haɗu. Tashar na nan na gama zana ta tun bara, babu kowa a ciki.

Maiɗakinka ta tambaye ni ko za mu ƙarasa. Na ce mata ban iya zana fuska ba, kuma ba zan yi mata alkawarin da zan kasa cikawa ba. Ta ce to a nuna wa yaran abin da ya samu, su ga inda babansu yake wuni. Za mu nuna musu ranar Asabar.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya hutar da kai hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da maiɗakinka, da 'ya'yanka uku, da ƙanenka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.