Rumfar Jirgin Baba

Duk faɗin birnin Katsina babu kogin da zai ɗauki ko ƙwarya, amma a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Kwaya an taɓa ajiye jirgin ruwa mai inji. Babana ne ya saye shi a gwanjon wata ma'aikata, shekarar da ya yi ritaya. Abokansa suka sayi tsofaffin motoci da kujerun ofis, shi kuwa ya ɗauko jirgi a bayan babbar mota, aka sauke shi gindin darbejiya a kan tsofaffin tayoyi. Awakin unguwa ne suka fara shiga ciki, kuma ban ji sun yi ƙorafin komai ba.

Mutane sun ɗauka kuɗin sallama ne suka taɓa masa kai. Mu 'yan gida mun san dalili. Innata 'yar Yawuri ce, a bakin kogi ta girma, aure ya kawo ta garin da ruwa mafi faɗi da take gani shi ne na cikin randa. A shekarar ne aka gano tana da hawan jinin ido. Ni ce babbar ɗiyarsu, ni na raka su asibiti, kuma da kunnena na ji likita ya ce ganinta zai riƙa raguwa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce a kula da ɗiga magani. Muna miƙewa ya ƙara da cewa ta rage zama cikin rana mai ƙarfi.

A hanyar dawowa Inna ta ce, "Ni dai Alhaji, ina son in ƙara ganin ruwa mai hwaɗi ina cikin jirgi, kahin idon nan shi ƙare."

Ba a daɗe ba sai muka ga Baba da jirgi. So ne ya sa shi, ban taɓa musun wannan ba. Amma cikin duk dogon bayanin likita, maganar rana ce kaɗai ta samu wurin zama a kansa. Ya rantse Hajiya ba za ta taka jirgin nan ba sai an yi masa rumfa. Dam ɗin Ajiwa yana nan kusa, makaniki ya tada inji, mai babbar mota ya ce a kira shi duk ranar da aka shirya. Rumfa ce kaɗai ta rage, abin da na ɗauka aikin sati guda ne.

Na manta da majalisar Baba. Dattijan da ke zama da shi bayan La'asar, waɗanda babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa, duk suka wayi gari masana harkar jirgi. Su suka kawo mai waldar da ya yi mana ƙyauren gida. Bawan Allah ya yi abin da ya iya: ya kafa ginshiƙan ƙarfe masu kauri, ya buga rufin kwano, har da indararo. Da an zuba buhunan shinkafa a ciki da an samu masu ciniki. Ranar da aka ɗora rumfar, gefen jirgin ya lotsa, tayoyin ƙasa suka baje. Majalisa ta zagaya, ta duba, ta yanke hukuncin cewa jirgin ne ba shi da ƙwari.

Aka sauke ta, aka koma neman shawara. Wani Alhaji daga GRA, tsohon maigidan Baba a ofis, ya nuna masa hoton wata rumfa a waya, mai sandunan alminiyam, ana naɗe ta ana buɗewa. Daga ranar Baba bai ƙara ganin wata rumfa da mutunci ba. Sandunan sai an yi saƙonsu daga Kano, na farkon suka zo gajeru, aka mayar. Tampol kuma sai Babbar Kasuwa, wurin mai ɗinka rigar keke napep. Na bi Baba sau da dama, na ga yadda ake zaɓen tampol kamar ana zaɓen suruki. Baƙi yana jan zafi, fari yana kama dauɗa, shuɗi zai ƙoƙe, kore kuwa wani a majalisa ya ce ya yi kama da na 'yan siyasa.

Duk wannan lokacin Inna tana cikin gida. Da farko zare ne ta daina iya sawa a allura. Daga baya ta bar mini tsintar shinkafa. Sai na lura idan an yi sallama ba ta amsawa da sunan mutum sai ya ƙara magana.

Wata rana Baba ya ce ta fito a auna ta. Aka kafa mata kujera, ta hau jirgi a kan busasshiyar ƙasa, ta zauna ya ɗora mata awo daga kai zuwa sama, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ganin masu leƙen ya tuna masa cewa a dam akwai masunta, maza ne kuma. Nan take aka ƙara labule a tsarin, hagu da dama, gaba da baya, da zif irin na keke napep. Inna ta shafa gefen jirgin ta ce, "Ai ko haka nan muka tahi ya yi, sai in ɗauki lema."

"Lema, Hajiya? A gan ki da lema cikin jirgina?"

A ranar na kasa haƙuri. Na same shi a zaure na ce, "Baba, idon Inna ba shi jiran tela."

Ya dube ni ya ce, "Ke mi kika sani? So kike in kai ta rana ta ƙarasa mata idon?" Na ga tsoro ne ke cinsa, shi ya sa ya ɓuya a bayan tampol, amma ganin hakan bai rage mini haushi ba. Na fita ina kuka, shi kuma ya koma duba samfurin zif.

Damina ta shigo, aka ce a jira ruwa ya lafa, har ta wuce. Sai da zafi ya sake kamawa rumfa ta kammala. Gaskiya ta yi kyau. Shuɗi aka ɗauka daga ƙarshe, wanda aka ƙi tun farko. Majalisa ta zo ta sa albarka, kowa yana nuna wurin da aka bi shawararsa.

Muka tafi dam da hantsi, ni da su biyu da wani masunci da zai tuƙa. Na riƙe hannun Inna ta shiga. Baba da kansa ya ja zif ɗin nan duka, muka zauna cikin inuwa mai duhu da warin sabon tampol. Inji ya tashi, muka yi nisa da gaɓa. Sai da ya tabbata babu masunci kusa sannan ya ɗage labulen gefe guda, yana murmushi.

"To Hajiya, ga ruwa."

Ta juya fuskarta wajen muryarsa, ba wajen ruwan ba.

"Alhaji, duhu ya yi yawa. A ɗauke abin nan."

"Rana hwa, Hajiya. Likita ya ce..."

"Ita kaɗai nike gani yanzu."

Ban taɓa ganin Baba ya yi aiki da sauri irin na ranar ba. Rumfar da aka yi ta don a naɗe ta cikin sauƙi ta ƙi naɗuwa, ya sa ƙarfi, sanda ɗaya ta lanƙwashe, zif ya yage, bai ko duba ba. Rana ta sauko mana gaba ɗaya. Inna ta ɗaga kai, ta juya a hankali har ta fuskanci inda hasken ke wasa a kan ruwa.

"Yawwa," ta ce. "Ga shi can yana ƙyalli."

Ta sa hannu cikin ruwan ta bar shi yana ja. Ta tambaye ni ko ana hango ɗaya gaɓar, na ce ana hangowa, da itatuwa da shanun Fulani suna shan ruwa. Ta ce in faɗa mata launinsu, na yi ta faɗa mata. Baba yana zaune a bayanmu da tampol ɗinsa a cinya, gumi yana zuba, hularsa ta faɗa ruwa bai sani ba. Masuncin ya tambaya ko a juya, rana ta yi zafi. Baba ya girgiza kai, ya ce a ci gaba da tafiya har sai Hajiya ta ce ya isa.